Kujerar Kishingiɗa a Wani Gida a Maradi: Awo, Soso da Abin da Ya Ɓaci

Gidan yana unguwar Ali Ɗan Sofo a birnin Maradi. Mutum takwas ke cikinsa: mai gida da uwargida, yara biyar, da mahaifiyar mai gida wadda kowa ke kira Inna, tsohuwa da ta haura shekara 70, mai fama da ciwon gwiwa. Falonsu, ko salo kamar yadda aka fi faɗa a nan, yana da tsawon mita 5.40 da faɗin mita 4.20. Ƙasa karo ne, wato tayil, mai santsi, ga babbar taga tana duban yamma. A ciki akwai saitin kujerun da aka yi wa uwargida jere da su shekara 14 da suka wuce: mai zaman mutum uku, mai zaman biyu, da ƙanana biyu. Ba su karye ba, yadinsu ma bai yage ba. Amma duk wanda ya leƙa falon bayan sallar isha'i zai tarar da kowa a ƙasa kan kafet, an jingina da gaban kujera, an miƙe ƙafafu. Ba a hawa kujerun sai an yi baƙo.

Da aka sa mita aka auna su, dalili ya fito. Zurfin wurin zama, daga bakin kujera zuwa majingina, santimita 50 ne kacal, bayan a miƙe yake cir, hannuwan kuma katako ne mai sassaƙa da ba a iya ɗora kai a kansa. Kujera ce ta gaisawa. Mutanen gidan kuwa zamansu na hira da kallon tele iri uku ne: a tanƙwashe ƙafa, a miƙe ta, ko a kishingiɗa da gwiwar hannu. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke shiga santimita 50.

Uwargida ce ta ga hoton wata kujera a WhatsApp, irin mai ɓangarori, wadda kowane wurin zama akwati ne mai zaman kansa: na kusurwa, na tsakiya marar hannu, na ƙarshe mai hannu ɗaya, da marar baya mai kama da tumtum. Ana jera su su bi bango biyu, ana raba su, ana haɗe su su zama kamar gado. Ga gidan da ake suna, ake buɗa-baki tare da dangi cikin azumi, ake cika ranar sallah, wannan tunani ne mai kyau. Sai dai kujerar da ke cikin hoton gajera ce ƙwarai, tsayinta daga ƙasa bai wuce santimita 36 ba, kuma fara ce tas.

Inda za a samo ta

Hanya uku ce a gabansu: a sayi haɗaɗɗiya ta waje, irin ta Turkiyya ko Sin, ko a ɗauko daga Kano ta Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, a sayi gwanjo, ko a ba kafinta da mai ɗinkin kujeru a nan gari. Gwanjo bai ɗauki lokaci ba aka ajiye shi, don sosonsa ya riga ya ci rabin kwanansa, kuma ba wanda zai ba da tabbacin babu kuɗin cizo a cikin ɗinkinsa.

Ta waje tana da abin yabo. Ɗinkinta ya fi tsabta, kuma tana zuwa da ƙarafunan haɗa ɓangarori na asali. Amma masu araha daga cikinsu, in aka kifa su aka ɗaga baƙin yadin ƙasa, sau da yawa garin katako ne da aka matse da gam. Irin wannan allo yana riƙe sukuru sau ɗaya. In ya kwance aka sake ɗaurewa, ramin ya rududduge. Kujerar da za ta zauna wuri guda tana iya jure wannan, amma ba wadda aka saya don a riƙa ja ana ɗagawa ba. Ƙari a kan haka, in bayan shekara biyu aka so ƙarin ɓangare ɗaya, ba lalle ne a sami irinsa ba, balle a lokacin, bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan teku suna zagayowa ne ta Lome da Burkina Faso. Suka zaɓi a yi a gari, da sanin cewa kafintan ya ƙware a saitin gargajiya, mai ɓangarori kuwa wannan ce ta farko a hannunsa.

Awo

An fara da mutanen, kafin ɗakin. Kowa ya zauna kan benci, ba takalmi, bayansa manne da bango, aka auna abu biyu: daga bango zuwa bayan gwiwa, da daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Awo na farko, in aka cire santimita 5, shi ne zurfin da mutum zai zauna a miƙe, bayansa a jingine, ƙafarsa a ƙasa. Na mai gida ya ba da 50, na Inna 42. Don kishingiɗa da tanƙwashe ƙafa kuwa ana buƙatar wajen 70. A nan rigimar take: kujera mai zurfin 70 aljanna ce ga matashi mai kallon ƙwallo, amma dattijon da ya zo gaisuwa cikin babbar riga, in ya zauna a kanta, ko dai ya ɗofana a baki ba jingina, ko ya zurma ciki ƙafafunsa na reto. Duka biyun ba mutunci ba ne ga baƙo.

Maganin da aka yi shi ne a bar zurfin a hannun matashi. Kowane ɓangare aka yi shi faɗin santimita 80, zurfi 100 gaba ɗaya. Katakon baya da abin da aka lulluɓe shi ya ci 12, saura 88. Babban matashin jingina mai kaurin 18 ya mayar da shi 70, wannan shi ne zaman ƴan gida. In baƙo ya zo, a ƙara matashi na biyu mai kaurin 15, zurfi ya dawo 55. An ɗinka irin waɗannan ƙananan guda huɗu.

Tsayi daga ƙasa aka tsaida shi 43: ƙafa 10, akwati 18, katifar zama 15. Uwargida ta so gajeren nan na hoto, amma tashi daga kujera mai tsayin 36, wadda kuma za ta lotsa ta ƙara sauka, aiki ne ga gwiwar mai shekara 70. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsayin da ake gani ba shi gwiwa ke ji ba. Abin da ya rage bayan mutum ya zauna soso ya lotsa, shi ne tsayin gaskiya. Da wannan aka warware batun Inna ba tare da an ɓata layin kujerar ba. Ɓangarenta, na ƙarshe mai hannu, tsayinsa ɗaya da sauran a ido, amma sosonsa mai tauri ne da ke lotsawa santimita 2 maimakon 5, ƙarƙashinsa kuma katako ne a jere maimakon bel na roba. Aka yi masa matashi mai kauri da ke zama dindindin, zurfi ya koma 45, hannun kuma aka yi shi shimfiɗaɗɗe, faɗin 18, tsayin 60 daga ƙasa, yadda za ta dafa da tafin hannu ta miƙe.

Sannan ɗakin. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar kujera mai kusurwa, ido yana yawan yin ƙarya, domin a shago ko a hoto komai ƙarami yake. Aka yanka kwalaye daidai girman kowane ɓangare aka shimfiɗa a ƙasa, aka bar su kwana uku ana rayuwa a kewayensu. Tun ranar farko aka gane cewa ɓangare na uku a bangon taga zai tare hanyar shiga ɗakunan kwana, aka cire shi. Tsarin da ya rage: kusurwa mai 100 da 100, ɓangare uku a dogon bango har da hannu, jimla 358; biyu a gajeren bango, jimla 260; sai marar baya mai 80 da 70 da ke yawo. Daga bakin kujera zuwa bangon gaba akwai 320. Teburin tele ya ci 45, aka bar 40 tsakanin kujera da ƙaramin tebur mai faɗin 60, saura 175 na wucewa da shimfiɗa darduma ko tabarmar cin abinci.

Ƙofar falo ana ce mata mai 90, amma da aka buɗe murfin aka auna abin da ke wucewa, 84 ne. Saboda haka aka tsaida tsayin katakon baya a 70, yadda ko kusurwar, mai 100 ta kowane gefe, in aka kwantar da ita ta gefe za ta wuce. Ƙafafun kuma masu kwancewa ne.

An rubuta duk wannan a takarda, kowa ya riƙe kwafi, aka raba kuɗin aiki uku: kafin alƙalami, sai kaso na biyu ranar da aka ga ƙashin kujerar tsirara kafin a rufe shi, na ƙarshe bayan an kawo an jera. Kuma aka nemi a fara yin ɓangare ɗaya tak a kawo gida a zauna a kansa mako guda. Wannan gwajin ya biya kuɗinsa. Matashin jingina da aka cusa wa zaren foliyesta zalla ya lafe cikin kwana huɗu, zurfi ya koma kusan 80. Aka sa masa soso mai kaurin 10 a tsakiya, zaren ya zama lulluɓi. Katakon gaba yana danna ƙwauri, aka naɗe shi da soso santimita 3. Kafintan kuma, bisa al'adar saitin da ya saba, ya karkatar da wurin zaman baya da santimita 2 don kada mutum ya zame. A kujera guda hakan daidai ne. A mai ɓangarori kuskure ne, domin kusurwa ba za ta karkata ta fuska biyu ba, kuma ranar da aka haɗa ɓangarori fuska da fuska don kwanciya, tsakiya zai yi tudu. Aka mayar da shi shimfiɗaɗɗe.

Abin da yadi ke rufewa

Katakon da ake aiki da shi a Maradi daga kudu yake zuwa, daga ƙasashen da iska ke da laima. Farin katako ya fi araha da sauƙin aiki, amma taushi gare shi, gara kuma na son sa. Ja ya fi nauyi da riƙe sukuru. An yi akwatin da ja a duk inda ƙafa ko ƙarfen haɗi zai shiga, kaurin santimita 3, sauran da fari, aka shafe duka da maganin gara kafin a rufe. A kowace kusurwa ta akwati an sa ɗan katako mai kusurwa uku da gam da sukuru. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba a kujerar da za a riƙa ɗagawa, don duk ɗagawa murɗa ce ga haɗin.

A ƙarƙashin katifar zama, masu aikin gari sun saba yanka tsohon tiyub na mota su ja shi. Yana aiki da farko, amma a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, robar tana bushewa ta tsattsage. An sayi bel na kujera mai faɗin santimita 5, aka ja shi gefe zuwa gefe, ta gajeren ɓangare, tazarar da ke tsakanin ɗaya da ɗaya ba ta wuce faɗin bel ɗin ba, sannan aka saƙa wasu huɗu daga gaba zuwa baya. A kujera mai zurfi haka, in aka dogara ga jan gaba zuwa baya kawai, tsawon ya yi yawa, tsakiya zai yi kwari.

Soso shi ne inda aka fi cutar mai saye, don ba ya ganin sa, kuma ranar farko duk soso daɗi gare shi. Abu biyu ne ake haɗawa alhali daban suke: tauri da nauyi. Tauri shi ne abin da jiki ke ji. Nauyi, wato kilo nawa ke cikin soso mai mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri, shi ke nuna yawan kayan da aka zuba, kuma shi ke faɗin shekara nawa zai yi. Soso marar nauyi yana iya zama da tauri kamar dutse a shago, ya mutu cikin wata shida. Na zama ana son 30 zuwa 35. Na jingina 20 zuwa 25 ya isa, tunda ba ya ɗaukar nauyin jiki.

Ba sai an dogara da launi ko bakin mai shago ba, sikeli yana raba gardama. Cikin kowace katifar zama a nan soso ne mai 80 da 88, kaurin 12, sai mai laushi na santimita 3 a sama. Wancan na 12 ɗin, in mai 32 ne, zai yi kilo 2.7, in mai 20 ne, kilo 1.7. Bambancin kilo guda ko sikelin mai sayar da nama zai nuna shi. Akwai dai masu cusa garin alli a cikin soso don ya yi nauyi, saboda haka a haɗa da gwajin hannu: a durƙusa a kansa na minti ɗaya a tashi. Mai kyau yana dawowa nan take. Mai alli yana jinkiri, in aka murza gefensa kuma yana barin gari a yatsa. Mai gida ya je da kansa aka auna biyar a gabansa. Na shida, na kusurwa, ba a riga an yanka shi ba, kafintan ya ce: "Alhaji, duk buhu ɗaya ne, gobe za a yanko." Aka bar shi a haka.

Yadi

Farin nan na hoto bai kai ko'ina ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko an rufe taga, kuma ja-ja ce, tana zama cikin saƙa. Fatar roba, mai sheƙi da sauƙin gogewa, ita ce ta fi jan hankalin mai gida saboda yara, amma a bazara, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, manne wa jiki take, bayan ƴan shekaru kuma ta fara saɓulewa, abin da ba shi da gyara sai sauyi. Karan-miski yana da kyau a ido, sai dai yana tara ƙura yana riƙe zafi. Ga kujerar da za a kwanta a kanta da rana tsaka, a ganinmu ba abin da ya kai yadi mai matsattsiyar saƙa, haɗin auduga da foliyesta, launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ɗigo-ɗigo da ke ɓoye tabon shayi da kunu. Shi aka ɗauka.

Yadin kamfani yakan zo da lambar jure guga, ma'aunin Martindale. Ga gida mai yara ana son 25,000 zuwa sama. A kasuwa yawanci ba takarda, sai a gwada: a ɗaga shi ga haske a ga ko rana na ratsawa, a karce da farce a ga ko zare na gocewa, a goga farin ƙyalle mai laima a ga ko yana zuba. Mai faɗin santimita 140 ne, kowane ɓangare ya ci mita 4 zuwa 5, jimla wajen 30, aka ƙara 5 daga bandir ɗaya aka ajiye, domin launi ɗaya daga wani bandir ba ya zuwa daidai. An jiƙa yadin duka an shanya a inuwa kafin a yanka, don auduga tana tsukewa a wankin farko, rigar katifar da ta tsuke kuwa ba ta komawa. Kowace katifa da matashi an yi masu zif a baya, dogo har ya zagayo gefe, yadda za a cire ba tare da kokawa ba.

Abin da ya ɓaci

An kawo kujerar a ƙarshen Agusta, tsakiyar damina. Matsala ta farko ta bayyana a daren farko. An yi maganar ƙarfen haɗi tun wajen rubuta takarda, kafintan ya ce nauyinsu ya isa ya riƙe su, aka yarda. A kan kafet mai kauri watakila da haka ne. A kan karo kuwa, da zarar mutum ya kishingiɗa a kan ɓangare biyu, nauyinsa na tura su su rabu, ƙugunsa ya faɗa tsakani. Cikin mako guda ƙaramin yaron gidan ya zurma ƙafa a ramin. Wannan shi ne aibin da ke tare da irin wannan kujera tun daga asali, kuma duk wanda zai yi ta a gari ya sa shi a gaba: amfaninta rabuwa, cutarta ma rabuwa.

Na kamfani suna zuwa da ƙarfe mai haƙora da ke kama ɗan'uwansa a ƙasa. Da ba a same shi ba, mai walda ya lanƙwasa ƙarfe falle, kaurin milimita 3, faɗin santimita 3, ya yi shi kamar harafin U, bakin daidai kaurin katako biyu da yadinsu. Ana ɗaga katifa a zura shi daga sama ya hau katakon gefe na ɓangarori biyu, ɗaya kusa da gaba, ɗaya kusa da baya. Ba sukuru, ba noti. Ranar da za a raba, a zare da hannu. An goge bakinsa an naɗe da ƙyalle don kada ya ci yadi. Ƙarƙashin kowace ƙafa kuma aka manna robar taya da aka yanka. Haɗi biyar, ƙarfe goma, aikin yini ɗaya.

Ta biyu ta jira hunturu. A Janairu ɓangarori biyu suka fara ƙara in an zauna, ƙafa ɗaya ta yi lako-lako. An yi aikin ne da katakon da aka sauke cikin damina, ɗanye da sauran ruwa a jikinsa. Da iska ta bushe, katako ya tsuke ta faɗinsa, ramin sukuru ya saki. Ba a ga wannan ranar duba ƙashin kujerar ba, don ɗanyen katako a ido lafiya lau yake. Alamarsa nauyi fiye da kima da sanyi a tafin hannu, in aka yanka kuma garinsa na dunƙulewa. Da an jera shi a inuwa, da ƴan sanduna tsakanin allo da allo, na wasu makonni, ko da an ɗaga aikin zuwa bayan kaka, da ba a ga haka ba. Gyaran bai yi wuya ba saboda sukuru aka yi amfani da shi: aka buɗe baƙin yadin ƙasa, aka cusa ɗan katako da gam a ramukan da suka buɗe, aka ɗaure da sukuru mafi kauri. An yi shi a Fabrairu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, don gyaran da aka yi kafin nan sai an sake shi.

Ta uku ita ce kusurwa. A takarda, kusurwa wuri ne matacce, ba mai zama a miƙe a cikinta tunda ba inda zai sa ƙafa. A rayuwa kuwa ita ce gadon sarautar falon: nan mai gida ke kishingiɗa bayan la'asar, nan yara ke rige-rigen hawa. Wata huɗu da kawowa ta yi kwari, yadinta ya yi tattara. Da aka zuge zif, sai ga soso gutsure uku da aka manna da gam, biyu daga cikinsu marasa nauyi. Sosonta ya fi na sauran faɗi, 88 da 88, abin da ya rage daga na farko bai kai ba, aka cike da ragowar wani aiki. Mai 32 a wannan girma ya kamata ya yi kusan kilo 3. Wannan bai kai 2 ba. Takardar da aka rubuta ce ta yi aiki a nan. Mai gida ya kai katifar da takardar, ya ce: "Malam, ga abin da muka rubuta, ga abin da sikeli ya ce." Ba a yi doguwar magana ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, aka yanko sabo guda ɗaya, aka auna a gabansa. Da katifun a manne suke da akwati, irin na saitin da aka saba, da sai an farke kujerar kafin a san abin da ke ciki.

Bayan shekara guda

Kujerar ta ga azumi, ta ga sallah biyu da suna ɗaya. Ranar sunan, samari biyu suka zare ƙarafunan suka jera ɓangarorin a bango uku cikin ƙasa da rabin awa, tsakiyar falo ya buɗe wa mata, aka fitar da biyu rumfa don dattawa. A rumfar ne aka ga wani abin da ba a yi lissafinsa ba: matashin jingina ya fi katakon baya tsayi da wajen santimita 18, in babu bango a bayansa yana lanƙwashewa. A falo ba a jin haka, tunda an bar tazarar santimita 5 kawai tsakaninta da bango don iska da duba gara.

Ɓangarori biyu na ƙarƙashin taga sun fara koɗewa saboda ranar yamma kafin a sa labule mai kauri. Yanzu ana musanya su da na dogon bango duk wata uku, ana kuma juya katifun gaba zuwa baya duk wata, ban da ta Inna. Tsagin da ke tsakanin ɓangarori yana tara ɓawon gyaɗa da ƙura, sai an ɗaga katifu an kakkaɓe duk Juma'a, a hunturu ma sau biyu. Marar bayan nan, wanda mai gida ya so a soke don rage kuɗi, shi aka fi amfani da shi: wurin miƙe ƙafa da dare, tebur in an ɗora faranti, gadon jariri da rana in an tura shi jikin kusurwa.

Inna tana zama a wurinta tana tashi ba tare da an kama ta ba, amma ƙafarta ba ta taka ƙasa sosai, aka yi mata ɗan katako mai tsayin santimita 5 tana ɗorawa. Ƙananan matasan baƙi huɗu sun yi kaɗan, an ɗinka biyu daga yadin da aka ajiye. Sun fi na da duhu kaɗan, don na da sun sha wanki uku.